Randa da Kwanon Samira: Tarken Yadda Ake Koyar da Ƙimar Kayan Fasaha da Kayan Kamfani

1. Gabatarwa

Akwai wani darasi da ya daɗe yana yawo a azuzuwan zane da na al'adu, tun daga makarantun sakandare har zuwa kwalejojin horon malamai. Malami yakan ja layi ya raba allo gida biyu. A ɓangare guda ya rubuta "kayan fasaha", a ɗayan kuma "kayan kamfani". A ƙarƙashin na farko sai ya jera cewa hannu ne ya yi su, kowannensu ba shi da na biyu, suna ɗauke da al'ada, suna da tsada, suna da daraja. A ƙarƙashin na biyun kuwa ya ce inji ne ya zubo su dubu iri ɗaya, ba su da asali, araha gare su, ba su da daraja. Ɗalibai su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su mayar wa malam da abinsa, a ba su maki. Daga nan kowa ya koma gida ya ɗebi ruwa daga jarkar roba, ya ci tuwo a kwanon silba, ba tare da ya ji a ransa cewa abin da ya rubuta da safe ya shafi abin da ke hannunsa da daddare ba.

Manufar wannan maƙala ita ce tarken wannan darasi. Kwatanta ƙimar aikin gwani da ta kayan masana'anta abu ne da ya cancanci a koyar, hasali ma yana cikin darussa mafi amfani, domin a nan ne ɗalibi ya kamata ya fara koyon yanke hukunci da idonsa. Abin da nake tuhuma shi ne yadda ake miƙa masa hukuncin tun kafin ya ɗaga ido ya dubi abin da ake magana a kai. Zan kafa hujja da abubuwa huɗu waɗanda mai karatu ya sani: tukunyar Ladi Kwali, jeren ɗakin amarya, atamfa, da babbar riga. Kowannensu, in an dube shi da kyau, sai a ga ya ƙi zama a gidan da aka yanka masa a kan allo.

2. Nauyin da aka ɗora wa kalmar "daraja"

Matsala ta farko ta harshe ce. In Bahaushe ya ce gero ya yi daraja a kasuwa, kuɗi yake nufi. In ya ce dattijon nan yana da daraja, martabarsa a idon jama'a yake nufi. In uwargida ta ce tsohuwar tukunyarta ta fi sabuwar daraja, mai yiwuwa tana nufin ta fi daɗin girki ne. Ashe kalma ɗaya tana ɗauke da ma'auni daban-daban, kuma a wannan fage ana iya rarrabe huɗu: farashi, wato abin da za a biya, amfani, wato aikin da abin yake yi, gwaninta, wato hikimar da aka zuba wajen yin sa, da martaba, wato matsayin da jama'a suka ba shi da mai shi. Darasin allo yakan cakuɗa huɗun nan wuri guda, sannan ya tambayi ɗalibi wanne ya fi. Tambayar da aka yi da mudu huɗu a lokaci ɗaya kuwa ba ta da amsa sai wadda malami ya riga ya shirya.

Matsala ta biyu ita ce asalin layin da aka ja. Ware wasu ayyuka a kira su tsantsar fasaha, waɗanda aka yi don kallo kawai, a fifita su kan sana'o'in da ke biyan buƙatar yau da kullum, ra'ayi ne da ya kafu a Turai a ƙarni na 18, ya zo mana ta hanyar manhajar makarantun boko. Bahaushe yana da nasa rabon, amma ta wata fuskar ya yi shi. Maƙeri da baduku da marini da masaƙi da magini duk masu sana'a ne, a cikin kowace sana'a kuma akwai ɗan koyo, akwai mai neman na tuwo, akwai gwani. Maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda bakan gizonsa da zanen bangonsa suka zama abin nazarin masana gine-gine na duniya, Babban Gwani aka laƙaba masa. Wurin salla ya gina, abin amfanin kullum, kuma wannan bai rage masa komai ba. Wato dai ma'aunin gida yana bambanta gwani da wanda ba gwani ba ne, bai damu da ko abin na kallo ne ko na aiki ba. Malamin da ya ɗauko layin Turai ya shata a kan kayan gida ba tare da ya gaya wa ɗalibansa daga ina layin ya fito ba, ya hana su rabin darasin.

3. Tukunyar Ladi Kwali

Babu misalin da malamai suka fi so kamar wannan, kuma babu wanda ya fi shi tona asirin darasin. An haifi Ladi a garin Kwali wajen 1925, cikin al'ummar da Hausawa ke kira Gwarawa, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Ta koya tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, ta hanyar gargajiya: a ɗora curin yumɓu, a riƙa jan sa sama ana ƙara masa igiyoyin yumɓu, maginiya tana zagaya tukunyar maimakon tukunyar ta juya. Tukwanenta sun yi suna har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tara wasu a gidansa, a can ne kuma Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauki Cardew aiki a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta sami lambar yabo ta ƙasa a 1980, ta rasu a Minna a 1984.

Bari mu dubi tukunyar kanta, abin da darasin allo ba ya yi. Manyan tukwanen ruwan da ta yi suna da su masu faɗin ciki ne, da gajeren wuya da baki mai ɗan buɗewa waje. Abin da ido zai fara kamawa shi ne daidaito: hannu ne ya gina, babu faifan juyi, amma ta kowace fuska aka duba, kumburin cikin ɗaya ne, kuma nauyin tukunyar ya zauna a inda ya kamata, ba ta yi kama da wadda za ta kife ba, ba ta kuma yi kama da wadda ta zube ƙasa ba. Sannan ga zanen. Takan raba jikin tukunya gida-gida da layuka, a tsakaninsu ta tsaga siffar ƙadangare ko kunama ko kada ko kifi ko hawainiya ko tsuntsu, ta cike jikinsu da ƙananan tsage. Hikimar tana ga yadda dabbar ke bin lanƙwasar tukunya: inda ciki ya buɗe sai jikinta ya buɗe, inda ya tsuke zuwa wuya sai jela ko kai ya tsuke tare da shi. Zane a kan abu mai kumburi ya fi zane a kan takarda wuya, don mai yi ba ya ganin ƙarshen layinsa sa'ad da ya fara shi, kuma wuƙa in ta tsaga ɗanyen yumɓu babu gogewa. Wannan ita ce gwanintar, kuma ana iya nuna wa ɗalibi ita da yatsa. Yabon gwani ya zama dole, amma yabon da ba ya iya faɗin inda gwanintar take, kirari ne kawai.

To, ga inda gizo ke saƙa. Randar gargajiya ana toya ta ne a fili da itace da ciyawa, a zafin da bai kai digiri 900 ba. Saboda haka jikinta yakan rage da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi tare da zafi, na ciki ya yi sanyi. Wannan dabi'a ce wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da ita wajen yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A cibiyar Abuja kuwa an canja haɗin yumɓun, an cike tsagen zanen da farar ƙasa, an yi wa tukunyar shafen tangaran, wato ruwan ma'adinai da ke narkewa a wuta ya zama kamar gilashi, aka toya ta a rufaffen tanderu a zafin da ya haura digiri 1,200. Abin da ya fito ya fi kyau a ido, ya fi ƙarko, amma ƙofofin sun toshe, nauyi ya ƙaru ainun. Ba ta sanyaya ruwa, ba ta kuma ɗaukuwa a ka zuwa rafi. Wato a daidai lokacin da tukunyar Ladi ta shiga sahun kayan fasaha, a lokacin ne ta daina zama randa.

Wannan ba aibu ba ne ga Ladi Kwali. Amma yana nuna cewa ma'aunan nan huɗu suna iya rabuwa hanya a jikin abu ɗaya: farashi da martaba sun hau, gwaninta ta bayyana ga sababbin idanu, amfani na asali ya faɗi. Bugu da ƙari, burin da aka kafa cibiyar a kansa shi ne samar wa gidajen 'yan ƙasa kayan cin abinci na tangaran da za su maye gurbin na shigowa, wato buri ne irin na masana'anta. Ladi kanta ta koyi faifan juyi, ta yi kwanuka da kofuna da farantai. Sai dai mafi yawan masu sayen sun kasance Turawa da masu tara kayan fasaha. Matan gida kuwa wani abu dabam suka zaɓa.

4. Jeren ɗakin amarya

Abin da suka zaɓa shi ne kwanon samira da langa da kwalla, ƙarfe mai shafen fenti da furanni, wanda da fari ake shigowa da shi daga ƙetare, daga baya kuma, tun daga wajen 1960, aka kafa masana'antunsa a cikin ƙasa. Dalilinsu a fili yake: ba ya fashewa in ya faɗi, ba shi da nauyi, yana wankuwa, kuma talaka yana iya sayensa. Malamin da ya rubuta "ba su da daraja" a ƙarƙashin waɗannan kaya yana gaya wa ɗalibinsa ne cewa kakarsa ba ta san abin da take yi ba, alhali ita ce ke tsugune gaban murhu, ta kuma fi shi sanin nawa ake asara in akushi ya tsage.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga nazarinmu shi ne abin da mata suka yi da kwanukan bayan sun saye su. Kafin zuwansu ana jere da ƙorai masu zane da faya-fayai da tasoshi. Da samira ta zo sai ta hau wannan matsayi: a kafa farantai a bango, a ɗora kwanuka bisa kwanuka daga babba zuwa ƙarami har su doshi rufi, a daidaita launi da launi, dama ta amsa hagu. Yawancin kwanukan jere ba a taɓa zuba musu miya ba. Don kallo aka ajiye su, don a san gidan da amarya ta fito, kuma don su zama ajiyar dukiya da mace za ta iya sayarwa ranar buƙata. Idan ma'anar tsantsar fasaha ita ce abin da aka ajiye don ido, to ga kayan kamfani sun cika sharaɗin. Gwanintar ta tashi ne daga hannun mai ƙera kwano ta koma hannun mai jera shi, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda mata ke shiga ganin ɗaki suna yabo suna kushe ya san akwai ƙa'idojin tarke a wurin, ko da ba a rubuta su ba.

A jami'o'inmu ana koyar da labarin Marcel Duchamp, wanda a 1917 ya aika da mazubin fitsari na kamfani zuwa wani baje kolin fasaha a birnin New York, don ya nuna cewa wurin da aka ajiye abu da idon da aka dube shi da shi suna iya mayar da shi abin kallo. Ba laifi a koyar da wannan. Abin mamaki shi ne a yi masa lacca ta awa biyu, a kasa ba jeren ɗaki minti goma, ga shi kuwa tambayar da suka tayar kusan ɗaya ce, kuma ɗalibi ya girma ne a gaban na biyun.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Kowace langa da ta hau bango ta sauke ƙwarya ce. Masu zanen ƙorai da masassaƙan akushi da gyartai sun rasa kasuwa, sannan samirar ma daga baya tangaran da gilashi da roba suka ture ta. Darasi na gaskiya zai sa ɗalibi ya lissafa abin da aka samu da abin da aka rasa, ya kuma faɗi wanda ya samu da wanda ya rasa, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

5. Atamfa da babbar riga

An ce kayan kamfani araha gare su, kuma araha ba ta ado. To, yaya za a yi da atamfa 'yar Holan? Kamfanin Vlisco, wanda tarihinsa ya faro daga 1846 a garin Helmond, da inji yake buga ta, kuma asalin dabarar kwaikwayo ne na rinin kakin zuma da mutanen tsibirin Jaba ke yi da hannu. Duk da haka babu lefen da ake ganin ya cika a birane da yawa in babu ita, kuma turminta guda ya fi kuɗin tukwane masu yawa na maginiyar ƙauye. Wani abin lura shi ne cewa 'yan tsage-tsage da ɗige-ɗigen da kaki ke bari a jikin zane, waɗanda a ka'idar masana'anta kuskure ne, su ne masu saye a Afirka ta Yamma suka so, har suka zama alamar ta ƙwarai. Ga inji yana riƙe da tabon hannu don ya sami karɓuwa. Wannan kaɗai ya isa muhawarar aji guda.

Haka nan batun cewa kayan kamfani ba su da asali. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata. Audugar manoman Funtuwa da Gusau ce ke shiga injinan, kuma akwai masu zane da suka zauna suka tsara furannin da aka buga. Lokacin da waccan masaƙa ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta ta bi sahu a 2007, dubban gidaje ne suka rasa abinci. Akwai hannu a bayan inji, sai dai ba a buga sunansa a bakin zane. Ɗalibin da aka koya wa cewa mutum yana gefe guda na allo, ƙarfe yana ɗaya gefen, ba zai taɓa tambayar wane ne ya yi rigar da ke jikinsa ba.

Babbar riga kuwa ta rushe layin gaba ɗaya, domin gidaje biyun suna jikinta a lokaci guda. Shaddar da manya ke yayi masana'anta ce ta saƙa ta, mafi tsadarta ma, irin ta Getzner, daga ƙasar Ostiriya take zuwa, zaren aikin kuma na kamfani ne. Sannan a kai ta ga mai zane ya fitar da aska takwas ko aska biyu, masu allura su duƙufa a kanta makonni ko watanni, mabuga su buge ta ta yi ƙyalli. A wane gefen allo za a rubuta ta? Hatta da'awar cewa aikin hannu ba shi da na biyu ba ta tsaya a nan ba, gama aska takwas zane ne da aka gada, ana maimaita shi kaka da kakanni, kuma mai saye ba ya son a canja masa shi. Gwanintar tana cikin yadda aka cika ƙa'idar da kowa ya sani.

A nan ne kuma nake ganin hukuncin malamanmu ya yi daidai, ko da yake hanyar da suka bi ba ta yi ba. In aka ajiye aikin hannu na gwani kusa da aikin keke, na hannun ya fi. Amma sai a nuna. A juya rigunan biyu a dubi bayansu. A dubi yadda allura ke canja tafiya a inda zane ya lanƙwasa, yadda ƙananan idanun da aka huda aka ɗaure suke da zurfi har suna kama haske, yadda aikin ya zauna cikin yadin ya zama jiki ɗaya da shi, alhali na keke yana kwance a sama, ya sandare, zarensa duk tsawo ɗaya. Sannan a kawo aikin hannu na ɗan koyo, mai karkataccen layi da zare a kwance, a ajiye shi kusa da na keke mai tsabta, a tambayi aji wanne ya fi. Ranar nan ɗalibi zai gane cewa kalmar "na hannu" ba ta wanke kowa ba.

6. Tarkon farashi

Hujjar da malamai suka fi saurin kawowa ita ce ta kuɗi. A 2018 an sayar da hoton nan mai suna Tutu, wanda Ben Enwonwu ya zana a 1974, a wani gidan gwanjo na Landan a kan fam miliyan 1.2. Labari ne mai daɗin faɗa a aji, amma yana da haɗari, domin abin da yaro zai ɗauka shi ne cewa fasaha tana da daraja saboda attajirai suna biya. Farashin gwanjo yana bin suna da ƙarancin abu da tarihin hannayen da ya bi da yayin kasuwa, gwaninta ɗaya ce kawai daga cikinsu. Tukwanen Ladi na cibiyar Abuja suna ɗauke da hatimin harufan sunanta, kuma wannan ɗan tambari yana cikin abin da mai gwanjo ke fara nema. Matan da suka koya mata sana'ar ba su buga hatimi ba, don haka kasuwar duniya ba ta san su ba. Ko wannan yana nufin babu gwana a cikinsu? Idan ɗalibi bai iya raba farashi da gwaninta ba, zai wuce aikin gwani a kasuwar ƙauyensu bai gani ba, ya tsaya yana jinjina wa duk abin da aka sa a bayan gilashi.

7. Abin da ya kamata a yi

Shawarata ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Da farko, a shigo da kayan cikin aji, gani ya kori ji: randa da jarka, ƙwarya da langa, hular hannu da ta keke. Kada a yarda ɗalibi ya ce "ya fi" sai ya cika shafi guda yana siffanta abin da ke gabansa, da me aka yi shi, ta yaya, ina aka fara, ina aka ƙare, ina hannu ya yi gardama.

Na biyu, a auna da mudu ɗaya-ɗaya. A zuba ruwa a randa da jarka da safe, a sa ma'aunin zafi da azahar, a rubuta. A je kasuwa a tambayi farashi, a tambayi maginiya kwana nawa ta yi, a raba kuɗin da kwanakin a ga abin da ya rage mata. A tambayi tsofaffi abin da ake jere da shi a zamaninsu da dalilin barin sa. Kowane ma'auni da irin hujjarsa, kuma koyon bambanta hujjoji shi ne asalin ilmin tarke.

Na uku, a sake fasalin tambayar jarrabawa. Maimakon a ce a kawo dalilai biyar da suka sa kayan fasaha suka fi na kamfani, a ba ɗalibi abubuwa biyu takamaimai, a ce ya yanke hukunci, ya faɗi ma'aunin da ya yi amfani da shi, ya kuma faɗi abin da mai saɓa masa zai iya cewa. A ba da maki ga ƙarfin hujja, ko da hukuncin ya saɓa wa na malam.

Wanda ba shi da komai ma yana da abin koyarwa a aljihunsa. Tun 2007 hoton Ladi Kwali tana gina tukunya yake bayan takardar naira 20. Inji ne ya buga takardar, miliyoyi iri ɗaya, an rubuta farashinta a goshinta, a jikinta kuma ga hoton hannun da ke yin abin da ba a maimaitawa. Ma'aunan huɗu duk suna wurin.

8. Kammalawa

Mai yiwuwa wani ya ce wannan hanya za ta sa komai ya zama daidai da komai, har a wayi gari an daidaita bokitin roba da aikin gwani. Ina ganin akasin haka ne zai faru. Ɗaliban da suka haddace cewa kayan gargajiya sun fi daraja su ne dai suka girma suka bar karofi ya bushe, domin yabon da aka haddace ba ya sa mutum ya ciro kuɗi ya saya. Wanda aka koya wa duban bayan riga kuwa, ya san abin da yake biya in ya biya, ya kuma san abin da ya rasa in ya zaɓi na araha, kuma yana da 'yancin zaɓar na arahar ba tare da jin kunyar gidansu ba. Masu sana'a ba su rasa masu yi musu kirari a taron al'adu ba. Abin da suka rasa shi ne masu sayen da ke iya bambanta aikin wata uku da na kwana uku, kuma irin waɗannan masu saye a aji ake fara yin su. Bahaushe ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi sanin lokacin da yake gwada ƙwarya da ƙwarya, da lokacin da ya ɗauko akushi bai sani ba.